Yazawa a Tsakiyar Auduga

Gonarmu ta Partago ba ta da itace ko ɗaya da hannun ɗan gidanmu ya dasa. Akwai kaɗanya a ciki, akwai ɗorawa, amma waɗannan da kansu suka tsiro, kuma 'ya'yansu ba namu ba ne. Idan kaɗe ya zubo, matan gidan mai ƙasa ne suke zuwa da ƙwarya su tsince, mu gaisa, su wuce. Ni Ummuhani na tashi na ga haka, ban taɓa jin ciwonsa ba, don na san dalili.

Kakan babana, Madugu Ɗan'auta, shi ne ya fara sauka a Djougou, wadda mu muke ce wa Zugu. Fataucin goro yake yi, yana ɗauko shi daga Gwanja da ayarin jakuna. Da ya ga dabbobinsa suna buƙatar wurin hutawa da kiwo, sai ya je wurin mai ƙasar Partago, mutumin ƙabilar Yom, ya roƙi fili. Aka ba shi, har fiye da abin da ya roƙa, da sharaɗi guda. Mai ƙasa ya ce masa ya shuka duk abin da zai girbe a shekara, amma kada ya dasa abin da zai tsaya bayansa. A wurin mutanen Yom, wanda ya dasa itace ya ce ƙasa tasa ce ke nan. Baƙo yana noma, yana ci, yana barin wa 'ya'yansa su ma su noma, amma ba ya dashe. Madugu ya ce ya ji, ya kuma karɓa.

Da manyan motoci suka kashe ayari, gidanmu ya koma ga wannan filin da fartanya. Babana ya noma shi har ya rasu. Ƙanena Ladan bai taɓa son noma ba, ya tafi Parakou ya shiga harkar shanu da fawa. Ni kuwa da mijina ya rasu na dawo gida, na kama gonar da 'yan ƙwadago. Doya nake sawa da dawa. Da doyar nake yin wasa-wasa, wato dambun garin doya, ina sayarwa a kasuwar Zugu, kuma da ita na riƙe kaina da 'ya'yana ban miƙa wa kowa hannu ba. Kowace kaka, doyar farko da aka haƙa ni nake ɗauka da kaina in kai gidan mai ƙasa. A zamanina wani tsoho ne dogo mai hasken fata, Hausawa suna ce masa Baba Jatau, har shi ma ya karɓi sunan.

Ana nan sai aka sauya wa ƙasa suna, daga Dahome ta koma Benin. Ma'aikatan da muka saba kira mushe, wato ranka ya daɗe da Faransanci, suka ce yanzu a riƙa ce musu kamarad. Ni dai na ce gara haka, don ƙanena mahauci ne, na san abin da ake kira mushe.

Wata safiya da rani ina gona ana gyaran rumbun doya, sai ga mutane da sarƙar awo da sanduna masu ja da fari. Suna tafe suna kafa sanda, ba sallama. Wanda yake gabansu na san shi sarai. Idrisu ne, ɗan maƙwabciyarmu a Zugu, wanda ya sha cin wasa-wasata da majina a hanci. Ya je makarantar noma ya dawo da gajeren wando da hular kaki.

Na ce, "Idrisu, gonar wa kuke aunawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina kwana, Inna. Ba gonar kowa ba ce yanzu. Ƙasa ta gwamnati ce, ta jama'a. Za a haɗa filayen nan duka a yi babbar gonar auduga ta koperatif, tarakta ta nome."

"Doyata fa?"

"Za ki shiga koperatif kamar kowa, ki yi aiki, a raba a ƙarshen shekara."

"Audugar zan daka in yi wasa-wasa?"

Mutanensa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya jawo ni gefe ya yi mini bayani a hankali. Ya ce ba kowace gona za a haɗiye ba. Duk wadda aka yi wa abin da ya kira mizan baler, wato aka raya ta da abin da ido zai gani ya tsaya, kamar itatuwan dashe ko rijiya ko gini, za a bar wa mai ita. Ya nuna mini gonar da ke yamma da tawa, ta wani malalacin mutum da rabon da ya riƙe fartanya har ya manta. Mangwaro ne a ciki, da kakansa ya dasa. Ya ce waccan ta tsira.

Na ce, "Wannan da ciyawa ta fi shi tsawo shi ne ya raya ƙasa, ni da nake cika rumbu ban raya ba?"

"Doya ana haƙe ta a tafi da ita, Inna. Komisiyo, kwamitin da zai zo duba gonaki, abin da ya gani a tsaye yake dubawa."

"Ai kai ɗan Zugu ne. Ka san abin da ya hana mu dashe."

"Na sani. Amma ba ni na tsara ba. Daga Parakou abin ya zo."

To, tunda daga Parakou ya zo, ni ma na nufi Parakou. Na hau motar kasuwa, na sauka a gidan Ladan a Ladjifarani, raina a ɓace. Ladan mutum ne mai faɗin kafaɗa da saurin baki, wanda yake ganin babu ƙofar da cinyar saniya ba za ta buɗe ba. Ya saurare ni yana goge wuƙa, ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Direktan aikin audugar nan a hannuna matarsa take sayen nama. Gobe sai mu je buro, ofishinsa."

Muka je. An bar mu a kan benci har rana ta take, sannan aka shigar da mu. Direktan mutum ne mai fara'a, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya ba ni kujera. Ladan yana mayar masa da maganata da Faransanci. Na gaya masa labarin Madugu da jakunansa, da sharaɗin da aka yi, da yadda gidanmu bai taɓa karya shi ba. Yana ji yana gyaɗa kai kamar ana ba shi tatsuniya. Da na gama sai ya ce labarin yana da daɗi, amma irin wannan mulkin masu ƙasa shi ne juyin juya hali ya zo ya kawar. Ya ce babu sauran mai ƙasa, babu sauran baƙo, kowa kamarad ne.

Na ce wa Ladan, "Tambaye shi, in babu sauran baƙo, me ya sa gonar baƙi kaɗai za a ɗauke? Ai duk wanda ba shi da itace a Partago irinmu ne, waɗanda aka hana dashe."

Ladan ya faɗa masa, amma na ga ya rage wa maganar barkono. Direktan ya yi murmushi ya kalli rufi. Ya ce komisiyo ba zai zo ba sai ruwan farko ya sauka. Ya ce shi abin da ya tarar a tsaye zai gani, kuma itace ba ya zuwa da takardar haihuwa.

Muna fita Ladan ya daki cinya. "Kin ji ko! Mutumin kirki ne, ya buɗe mana ƙofa. Akwai mai renon itatuwa a Kpébié, akaju ne da shi cike da gwangwanaye. In cika babbar mota kamiyo, mu jera su a gonar, shi ke nan."

"Yazawa a gonar Madugu?"

"Gonar Madugu da za ta zama gonar tarakta in kika tsaya."

"Alkawari fa?"

"Yaya, waɗanda suka yi alkawarin nan ƙasusuwansu sun zama ƙasa. Baba Jatau kansa an tsige shi, an ce feyodal ne, mai mulkin danniya irin na da. Wa za ki yi wa kara?"

Muka yi ta yi har gida, matarsa tana ba mu haƙuri. Gaskiya maganarsa ta shige ni, don ba mahaukaci ba ne. Ba ni da wata gona, ba ni da shanu kamarsa, kuma shekaruna sun wuce in je in tsaya a layi ana ba ni umarni da usur. Tsoro ya kama ni sosai. A ƙarshe na ce masa kada ya taɓa komai sai na je na ga Baba Jatau. In ya yarda da bakinsa, a dasa. Ladan ya ce to, amma irin to ɗin da na san shi da shi tun yana yaro.

Na tarar da Baba Jatau a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Da can idan ka je gidan nan sai ka bi layi, masu neman fili da masu rikicin iyaka. Ranar nan kaji kawai na gani. Na durƙusa na gaishe shi da Dendi, yaren da muke haɗuwa a kai, na faɗi abin da ya kawo ni ban ɓoye komai ba. 'Ya'yansa maza suna zaune a gefe. Babban ya yi tsaki ya ce da yarensu, yana tsammanin ban ji ba, "Ga shi nan. An ba su wurin ɗaure jaki, yau sun zo cinye ƙasa."

Tsohon bai kalle shi ba. Ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa, sannan ya ce, "'Yar Madugu, kin zo da abin da ya fi ƙarfina. Ba zan ce miki ki dasa ba, don maganar ba tawa ba ce, ta waɗanda suka riga ni ce, ni ajiya aka ba ni. Ba zan ce miki kada ki dasa ba, don an zo da jandarma an gaya mini ba ni da sauran baki a kan ƙasa. In na sake magana a kanta, Zugu za a kai ni a rufe."

"To, Baba, me zan yi?"

"Ki yi abin da zuciyarki ta ɗauka. Ni ba zan gani ba."

Wannan kalmar ta fi zagi yi mini ciwo. Mutumin da duk Partago ba a sara daji sai ya ce a sara, yau yana ce mini zai kau da ido a yi masa sata. Na tashi na koma bukkata ta gona ina haɗiyar kuka.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Na sa 'yan ƙwadago suka fara tara tsibin doya kamar kullum, ban jira izinin kowa ba. Sai Idrisu ya aiko cewa komisiyo zai zo washegarin kasuwar Zugu. Na tafi kasuwa na sayar da abin da zan sayar, da sassafe na biyo motar Partago. Tun daga bakin hanya na hango abin da aka yi. Gonar tana cike da 'yan yazawa, layi-layi, ganyensu jajaye-jajaye, kowanne da sabuwar ƙasa a gindi. Gwangwanayen da aka ciro su an tara a bayan bukka an rufe da ciyawa. Ladan yana tsaye a tsakiya da babbar riga, yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Yaya, ba ke kika dasa ba, ni ne. Hannunki bai taɓa ba. In zunubi ne, nawa ne."

Ban samu damar ba shi amsa ba, don motar komisiyo ta riga ta tsaya. Direktan nan na Parakou ya fito, da Idrisu, da delege, wato wakilin gwamnati a ƙauye, da jandarma guda yana hamma. Mutanen Partago kuwa sun cika bakin gona, maza da mata, don labarin dashen ya riga ya zaga gari. Matan da muke gaisawa a gindin kaɗanya suka ƙi haɗa ido da ni. Can baya na hango Baba Jatau a tsaye da fartanyarsa a kafaɗa, yana kallon wani wuri dabam, kamar yadda ya yi alkawari.

Direktan ya zaga, ya taɓa ganye ɗaya, ya ce, "Tre biyan," wato ya yi kyau. Idrisu ya matso kusa da ni, fuskarsa cike da murna, ya ce a hankali, "Inna, an gama. Tambaya ɗaya zai yi miki. Ki ce naki ne kawai."

Direktan ya ɗaga murya don kowa ya ji, Idrisu yana fassarawa. "Kamarad Ummuhani, itatuwan nan na wa ne?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da gonata. Na buɗe baki ma. Sai na ji babban ɗan Baba Jatau ya sake yin tsakin nan nasa a cikin taro, kuma wannan karon gaskiya ce da shi. Na fasa faɗin kalmar. Ba kunya ba ce, fushi ne tsantsa. Wato mutanen nan sun zo daga buro sun mayar da riƙon amanarmu laifi, yanzu kuma suna so in tsaya gaban waɗanda suka saukar da kakana in ce ƙasarsu tawa ce, su tafa mini.

Na ɗaure zanena da kyau. Na sunkuya na kama ɗan itacen da ke kusa da ƙafata na fizge shi. Ya fito da sauƙi, don ko saiwa bai kama ba. Na jefar, na matsa ga na gaba.

"Yaya! Kin haukace ne?"

Ladan ya riƙo hannuna. Na ce, "Sake ni, Ladan, ko in tuna maka wa ya goya ka." Ya sake. Na bi layin nan ina tumɓukewa ina jefarwa, na gama na shiga na biyu. Bayana yana ciwo, zufa tana shiga idona, ban tsaya ba. Idrisu yana bina yana cewa, "Inna, don Allah, don Annabi, ki tsaya ki yi tunani." Direktan yana tambayar me ke faruwa, ba wanda ya kula shi. Da na kai ƙarshen gona na juyo, ba sauran ko ɗaya a tsaye.

Na dawo gabansa ina haki, hannuna duk taɓo. Na ce wa Idrisu, "Faɗa masa, kuma kada ka rage komai kamar yadda ƙanena ya yi. Gonar nan ba ta da itacen dashe don mutanen gidanmu suna da mutunci, ba don lalaci ba. Tun kafin a haifi kakansa muke nomanta. Ni baƙuwar wancan tsohon ce, ba baƙuwar buro ba. In zai ƙwace, ya ƙwace da hannunsa rana tsaka, kowa yana gani. Amma ba zai sa ni in yi sata in sauƙaƙa masa aiki ba."

Idrisu ya faɗa, kuma na ga bai rage ba, don fara'ar direktan ta ɗauke ɗif. Ya ce to, tunda babu itacen dashe, gona ta shiga koperatif. Ya yi wa masu sanduna alama. Ladan ya zauna a kan tsibin doya ya dafe kai da hannu biyu. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, sai a lokacin na ji nauyin abin da na yi ya sauko mini.

Sai taro ya dare. Baba Jatau ne yake tahowa, a hankali, yana taka ƙasar kamar mai duba iyaka. Ya wuce direkta bai gaishe shi ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin yazawar da na tumɓuke, ya duba saiwarta, ya karkaɗe. Ya je tsakiyar gona ya sauke fartanya ya haƙa rami, yana nishi irin na tsofaffi. Duk mun ɗauka shi zai dasa abinsa. Sai ya juyo ya ce, "'Yar Madugu, zo."

Na je. Ya kama hannuna mai taɓo ya sa mini itacen a ciki.

Na ce, "Baba, baƙo ba ya dashe."

Ya ce, da Dendi, sannan ya maimaita da Yom da ƙarfi yana kallon 'ya'yansa, "Haka ne, baƙo ba ya dashe. Amma wadda ta tumɓuke gonarta da hannunta don maganar kakannina, ku nuna mini baƙuncinta. Ku da na haifa, wa zai iya a cikinku? Sa shi a rami, 'yata."

Na sa shi a rami. Na mayar da ƙasa, na danne da tafin hannu. Tun daga Madugu har babana ba wanda ya taɓa yin haka a gidanmu, kuma hawaye ya hana ni ganin abin da nake dannewa. Wata mata daga cikin masu tsintar kaɗe ta sauke tulunta ta miƙo mini, na zuba ruwa.

Direktan ya farfaɗo. Ya ce a gaya wa tsohon nan an hana shi rabon ƙasa, abin da ya yi laifi ne. Baba Jatau ya saɓa fartanyarsa ya ce shi bai raba komai ba, rami ya haƙa, in kuma an hana haƙa rami a Partago a sanar da masu doya. Mutane suka fashe da dariya, har jandarman. Dariyar ce ta jawo wa Baba Jatau, don direktan ba zai koma Parakou da ita a kunne ba. Aka sa tsohon a bayan mota aka tafi da shi Zugu. Ni na riƙa kai masa abinci har aka gaji da shi aka sako shi, ya dawo da tari wanda bai rabu da shi ba.

Gonar kuwa an ɗauke ta. Sun ce itace ɗaya ba ya zama mizan baler. Tarakta ta zo ta baje tsibin doyata duka, ina tsaye ina kallo, ban yi musu kuka ba. Amma direbanta ɗan Partago ne, da ya iso wurin yazawar sai ya karkata ya zagaye ta, ya bar mata ɗan da'ira kamar faɗin tabarma. Shugaban koperatif ya ce a tumɓuke. Ba a sami mai tumɓukewa ba, don ba ɗan Yom ɗin da zai sa hannu a ramin da mai ƙasa ya haƙa, shi kuma shugaban ba ya son a ga shi ya yi da kansa.

Da audugarsu ta fito, kowace safiya nakan ɗauki tulu a ka in ratsa tsakiyarta, ta inda ya fi mini kusa, ba na duba abin da nake takawa. Mai gadi ya tare ni da sanda ya ce an hana shiga. Na ce wurin itacena zan je, in kuma akwai dokar da ta ce mai itace ta yi fiffike, ya kawo mini ita. Ya kai ƙara wurin Idrisu. Idrisu ya ce shi bai ga inda aka hana ba da ruwa ba.

A damina ta gaba na tara tsibin doya a gindin yazawar, cikin da'irar nan. Na ce inuwa nake yi wa saiwa. Aka yi surutu aka bari. Shekarar da ta biyo na ƙara wasu a gefensu, don itace yana girma, ai dole saiwa ta miƙe. Direban tarakta kullum sai ya ƙara faɗaɗa kwanarsa, ba tare da mun taɓa yin maganar ba. Shugaban koperatif ya zo da kansa ya tsaya a kaina ina noma, ya ce, "Kamarad, wai ina iyakar saiwar itacen nan naki?"

Na ɗago na share zufa, na duba gabas har inda sandarsu mai ja da fari take, can bakin tsohuwar iyakar Madugu. Na ce masa, "Ban sani ba tukuna. Ina binta a hankali."

Na sunkuya na ci gaba da tara ƙasa.